Kilomita 42 da Ɗoriya: Agogunan GPS a Tseren Fanfalaki na Shikago

A kowace shekara, cikin watan Oktoba, mutum fiye da dubu arba'in ne suke shiga tseren fanfalaki na birnin Shikago da ke ƙasar Amurka, kuma mafi yawansu suna ɗaure da agogon GPS a hannu, wato agogon da yake auna nisa ta hanyar taurarin ɗan adam. Nisan tseren a hukumance kilomita 42.195 ne, wato mil 26.2 a ƙirgen Amurkawa. Amma da zarar an tsallake layin ƙarshe aka fara nuna wa juna fuskar agogo, sai a tarar da wuya a sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya: wannan ya nuna kilomita 42 da rabi, wancan ya haura 43, wani kuma ya tsaya dab da adadin hukuma. Daga nan gardama take tashi. Wasu su ce masu shirya tseren sun tsawaita hanya, wasu kuma su yanke hukunci cewa agogon da ya fi kusa da 42.195 shi ne ya fi inganci. Duk maganganun biyu ba daidai ba ne, kuma na biyun ya fi yaɗuwa, domin a kansa ne mutane da yawa suke kafa hujja idan za su sayi agogo.

Wannan tsere ya dace da nazari saboda ya haɗa abubuwan da ba kasafai ake samunsu a wuri guda ba. Hanyar a shimfiɗe take, kusan babu hawa babu gangara, saboda haka ba za a ɗora wa tudu laifin bambancin nisa ba. Tana farawa kuma tana ƙarewa a dandalin Grant Park, tana ratsa unguwanni 29, wasunsu cike da dogayen benaye, wasunsu kuma gidaje ne masu matsakaicin tsawo da sararin sama a buɗe. Sannan dubban agoguna na kamfanoni daban-daban, sababbi da tsofaffi, suna bin hanya ɗaya a safiya ɗaya.

Abin da ya kamata a fara tabbatarwa shi ne ma'aunin da ake gwada agogunan da shi, domin idan hanyar ce take da matsala, duk maganar ta rushe. Ba da GPS ake auna hanyar tseren da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta amince da ita ba. Da keke ake aunawa. A jikin tayar gaba ake ɗaura wata 'yar na'urar ƙirge wadda wani Ba'amurke mai suna Alan Jones ya ƙirƙiro a 1971, tana ƙirga juyawar taya daki-daki, kowane ƙirge ɗaya bai wuce kimanin santimita 10 na tafiya ba. Kafin mai awo ya hau hanyar tseren, sai ya je wani miƙaƙƙen titi da aka riga aka auna da tef na ƙarfe, wanda tsawonsa bai gaza mita 300 ba, ya bi shi da keken sau huɗu domin ya san ƙirge nawa ne yake ba da kilomita ɗaya a wannan rana da wannan taya. Bayan ya gama awon hanya sai ya koma ya maimaita, saboda zafin rana yana sa iskar taya ta buɗe, faɗin tayar ya ɗan canza. Ban da wannan, doka ta ce a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don gudun kada hanya ta gaza, wanda hakan yake nufin an ɗora kimanin mita 42 a kan tseren da gangan. Wannan tsari ne ya sa aka karɓi tarihin da Kelvin Kiptum na ƙasar Kenya ya kafa a kan wannan hanya ranar 8 ga Oktoba, 2023, lokacin da ya gama cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Kuskuren da aka yarda da shi a irin wannan awo bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, kuma babu agogon hannu da ya kai nan.

Akwai wani sharaɗi a cikin awon wanda shi ne tushen rabin gardamar. Mai awo yana bin hanya mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi ba tare da ya karya doka ba: a kowace kwana yana matsawa har santimita 30 daga bakin titi, idan kuma titi ya karkata hagu sannan ya karkata dama, yana yanke tsakiya a miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗan tseren da yake cikin cincirindon dubban mutane ba shi da halin yin haka. A kwana mai kusurwa cikakkiya, wanda ya zagaya daga nesa da bakin titi da mita 4 ya ƙara wa kansa kimanin mita 6. A ɗauka ya yi haka a kwana talatin, ya tara kusan mita 190 ke nan, tun ba a lissafa ratsen da yake yi zuwa teburin ruwa ba, da kauce wa wanda ya tsaya a gabansa, da tsallakawa wancan gefen titi don ya gaisa da iyalinsa. Wannan ƙarin gudu ne na gaskiya da ƙafafunsa suka yi. Saboda haka agogon da ba ya kuskure ko kaɗan, da a ce akwai shi, ba zai nuna wa talakan ɗan tsere 42.195 ba, dole ya nuna fiye da haka da 'yan ɗaruruwan mitoci.

Sauran bambancin daga agogon yake, kuma fahimtarsa tana buƙatar a san abin da agogon yake aunawa. Taurarin ɗan adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da sigina mai ɗauke da lokacin da ta tashi. Agogo yana duba tsawon lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta iso, ya mayar da shi nisa, kuma yana buƙatar aƙalla taurari huɗu kafin ya fitar da inda yake. Tun da siginar tana tafiya da saurin haske ne, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama mita 300 a ƙasa. Agogon bai san nisan da mutum ya yi kai tsaye ba. Ɗigo yake ajiyewa, galibi sau ɗaya a daƙiƙa, sannan ya haɗa ɗigon da na gabansa ya tara tsawon layukan.

A nan ne ainihin wahalar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Hukumomin Amurka da ke kula da GPS sun ce wayar hannu, a fili mai buɗaɗɗen sama, takan gano wuri ne cikin da'irar kimanin mita 5. Mutumin da yake neman gama fanfalaki cikin awa 4 kuwa yana cin ƙasa da mita 3 ne a kowace daƙiƙa. Ma'ana, tafiyar da ake so a auna tsakanin ɗigo da ɗigo ta fi kuskuren na'urar ƙanƙanta. Abin da yake ceton lamarin shi ne yawancin kuskuren ba ya sauyawa da sauri; idan ɗigon yanzu ya kauce gabas da mita 3, na bayansa ma yakan kauce kusan haka, sai layin ya fita daidai ko da yake ya ɗan goce daga titi. Amma idan ɗigo ya yi tsalle gefe, lissafi ya canza. Mutum ya ci gaba mita 3, agogo ya jefa shi gefe da mita 1, layin da ke tsakani ya zama mita 3.16, ƙarin sama da kashi 5 cikin ɗari ke nan, kuma tsallen hagu da na dama ba sa goge juna, dukansu ƙari suke yi. Masu bincike a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun nuna wannan ta hanyar lissafi a 2015: nisan da aka tara daga ɗanyun ɗigogin GPS yakan zarce na gaskiya.

Yanzu a koma kan titin Shikago. Ana tashi ne a kan Columbus Drive a nufi arewa, kuma kafin a cika kilomita ɗaya titin yana shigewa ƙarƙashin wasu titunan da aka gina a bisansa. Siginar tauraro ba ta da ƙarfin huda kankare, saboda haka a wannan wuri agogo ya makance. Wasu agogunan sukan koma kan na'urar da ke jin motsin hannu su ƙiyasta nisa daga yawan taku, wasu su riƙe 'yar siginar da ke shigowa ta gefe su yi ta jefa ɗigo inda mutum bai taka ba. Da fitowa sai a haye gadar kogin Shikago, ba da jimawa ba a juyo cikin tsakiyar birni, unguwar da ake kira Loop, inda benen Willis mai tsawon mita 442 yake, inda kuma layin dogo na ƙarfe yake bi ta saman wasu tituna. Daga nan a kama titin LaSalle, wanda benaye suka tsare shi hagu da dama har sama ta koma wani siririn tsiri a bisa kai.

A irin wannan titi abu biyu ne suke faruwa a lokaci guda. Na farko, taurarin da agogo yake gani sun ragu, kuma waɗanda suka saura duk suna jere ne a layin titin, don haka yana iya sanin ci gaban mutum amma yana rauni wajen sanin ko yana gefen hagu ne ko dama. Na biyu ya fi muni: siginar tauraron da bene ya tare takan bugi gilashin benen da ke ɗaya gefen ta dawo ƙasa. Hanyar da ta bi ta fi tsawo, ta iso a makare, agogo kuma ya ɗauka tauraron ya fi nisa. Kamar mutum ne ya ji amsa-kuwwar kira daga jikin dutse ya juya wajen dutsen, alhali mai kiran yana bayansa. Wanda ya buɗe taswirar gudunsa bayan tsere yakan ga layin ya ratsa ta cikin gine-gine, ya tsallaka zuwa titin da ke maƙwabtaka, ya dawo, wani lokaci har ya faɗa cikin kogi. Kowane irin wannan zirga-zirga an tara shi a matsayin nisa.

Bayan kilomita 5 ko 6 hanya takan fita zuwa wajen Lincoln Park, sama ta buɗe, kusan kowane agogo ya dawo hayyacinsa. Sai dai abin da ya riga ya tara ba ya zubewa. Kuma a tsakiyar tseren ana sake komowa cikin benaye kafin a nufi yamma, sannan a bi ta Pilsen da unguwar 'yan Sin, a ƙarasa ta Michigan Avenue.

Idan aka zo kwatanta agogunan, bambancin da ya fi tasiri ba sunan kamfani ba ne, yadda agogon yake sauraron sama ne. Tsofaffin agoguna GPS na Amurka kaɗai suke ji, a zango ɗaya da ake kira L1. Na bayansu sun ƙara taurarin GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na ƙasar Sin, wanda hakan yake ninka yawan taurarin da za a iya gani ta siririn tsirin saman nan. Wannan taimako ne na gaske, amma yawan taurari ba ya hana sigina bugun gilashi. Canjin da ya taɓa wannan matsala kai tsaye shi ne zuwan agoguna masu zango biyu. Coros ya fitar da Vertix 2 a 2021, Garmin ya biyo baya a 2022 da wasu nau'o'in Fenix 7 da kuma Forerunner 255 da 955, Apple ya kawo Watch Ultra a watan Satumba na 2022. Waɗannan suna sauraron L1 a megahaz 1575.42 da kuma L5 a 1176.45. Amfanin zango na biyu iri biyu ne. Saman sararin samaniya yana jinkirta kowane zango gwargwadonsa, don haka idan aka gwada biyun ana iya cire wannan jinkiri. Sannan jerin alamun da ke cikin siginar L5 ya fi na L1 sauri sau goma, abin da yake ba agogo damar bambance siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta biyo ta jikin bango, matuƙar dukansu biyun sun iso.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne iyakar fasahar, kuma masu talla ba sa yawan ambatonsa. Idan bene ya tare siginar kai tsaye gaba ɗaya, wadda ta dawo daga gilashi kaɗai ta iso, agogo ba shi da abin da zai gwada ta da shi. A ƙarƙashin kankaren Columbus Drive kuwa zango biyu da zango ɗaya duk ɗaya suke. Abin da ake gani a taswira shi ne layin agogo mai zango biyu yakan fi zama a kan titi a cikin Loop, ya fi saurin dawowa bayan an fito daga ƙarƙashin ƙasa, amma ba ya rasa 'yan kauce-kauce. Kuma yana cin batir fiye da na zango ɗaya, shi ya sa Garmin ya sa wani tsari da ya kira SatIQ, wanda yake kunna zango na biyu idan sama ta toshe ya kashe shi idan ta buɗe.

Akwai kuma ɓangaren da mai agogo ba ya gani, wato manhajar da ke tace ɗigogin kafin a tara su. Tun da kamfanoni sun san ɗanyen lissafi yana yin ƙari, kowanne yana da hanyarsa ta daidaita layi: ya yi watsi da ɗigon da ya yi tsallen da ƙafar mutum ba za ta iya ba, ya haɗa da bayanin motsin hannu, ya miƙar da abin da ya karkace. Idan tacewar ta yi yawa sai ta fara yanke kwana, nisa ya gaza. Wani bincike da cibiyar wasanni ta tarayya da ke Magglingen a ƙasar Suwizalan ta wallafa a 2020 ya gwada agoguna takwas, ya sami matsakaicin kuskure tsakanin kimanin kashi 3 da kashi 6 cikin ɗari, kuma a cikin gari da cikin daji agogunan ragewa suka fi yi, ba ƙari ba. A ganina wannan bai saɓa wa lissafin Salzburg ba. Yana nuna cewa a cikin kowane agogo akwai ƙarfi biyu da ke jan adadin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma abin da ya bayyana a fuskar agogo ragowar wannan ja-in-ja ne.

Shi ya sa duba jimillar ƙarshe kaɗai ba gwaji ba ne. A ɗauki 'yan tsere biyu da suka yi gudu kafaɗa da kafaɗa, ƙafafunsu suka ci kilomita 42.5 na gaskiya. Agogon na farko ya bi titi sau da ƙafa ya nuna 42.5. Na biyun ya yi ƙarin mita 200 a cikin Loop, sannan ya yi ta yanke kwana da miƙar da ratse a sauran hanya har ya zubar da mita 500, ya tashi da 42.2. Wanda ya dubi lamba zai yabi na biyun, alhali shi ne ya yi kuskure sau biyu. Kwatance mai ma'ana yana buƙatar a ɗaura agogunan a jikin mutum ɗaya, ba biyu a hannu ɗaya ba domin kada ɗaya ya tare wa ɗaya eriya, a bar kowanne ya kama taurari sosai kafin a tashi, a tabbatar ba a sa wani a tsarin tanadin batir wanda yake rage yawan ɗigo ba. Sannan a raba hanyar gida-gida, a dubi abin da kowanne ya nuna tsakanin shimfiɗun ɗaukar lokaci da ake ajiyewa a kowace kilomita 5, a kuma ɗora layukan a kan taswira ɗaya. A Shikago, gidan farko da na tsakiya su ne suke rarrabe agoguna. A sauran hanyar, inda sama take a buɗe, bambancin tsohon agogo da sabo ƙanƙane ne, kuma wanda duk gudunsa a irin wannan fili yake yi ba lallai ne ya ga amfanin ƙarin kuɗin zango biyu ba.

Dalilin da ya sa wannan lamari ya wuce gardamar bayan tsere shi ne mutane da agogon suke auna saurinsu, kuma a fanfalaki sauri shi ne komai. Mai neman awa 4 yana buƙatar minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita. Idan agogonsa ya yi ƙarin mita 300 a kilomita 5 na farko, zai nuna masa matsakaicin minti 5 da daƙiƙa 22 alhali yana kan daidai, sai ya ja birki yana zaton ya yi gaggawa. Idan kuma agogon ya rasa sigina ya nuna masa yana jan ƙafa, sai ya ƙara wuta a lokacin da jiki yake da ɗanyen ƙarfi, ya biya bashin bayan kilomita 30. Ko da babu wannan ruɗani, wanda agogonsa zai ƙare da ƙarin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, idan ya riƙe 5:41 a fuskar agogo tun daga farko har ƙarshe, zai tsallake layi ne a awa 4 da minti 3 da 'yan kai. Watanni huɗu ko biyar na atisaye sun tafi a kan minti uku, kuma lokacin da 'yar na'urar da ke liƙe a bayan lambar ƙirjinsa ta ɗauka shi ne kaɗai ake rubutawa, shi ne kuma ake dubawa idan ya nemi gurbi a tsere irin na Boston.

Gogaggun 'yan tseren Shikago suna da maganin wannan, kuma ba sabon agogo ba ne. Sukan kashe tsarin da yake sa agogo ya yanke kowane mil da kansa, su riƙa danna maɓalli da hannu duk lokacin da suka zo daidai allon mil da ke bakin titi, wanda keken awo ne ya sa shi a wurin. Wasu sukan rubuta lokacin da ya kamata su isa kowane allo a wata 'yar takarda su ɗaura a hannu, wasu su bi masu riƙe da tutar sauri waɗanda aka ɗora wa alhakin kai ayari a kan lokaci, wasu kuma su maƙala 'yar na'ura a igiyar takalmi wadda take auna taku ba ruwanta da tauraro. A kilomitocin farko, tun daga ƙarƙashin Columbus Drive har a fita daga LaSalle, abin da suke dubawa a fuskar agogon shi ne lokacin da ya shuɗe tun daga tashi, domin a cikin duk lambobin da ke wurin shi kaɗai ne benaye ba su da yadda za su yi da shi.